Na gaji da koyarwa: wace ƙwarewa ce za ta bi ni zuwa sabon aiki?

"Malam, ni malamar lissafi ce a makarantar sakandare, shekarata 11 ina koyarwa. A shekaru 4 da suka wuce ni ce ke haɗa jadawalin darussa na makaranta, ni ce kuma ke tattara sakamakon jarrabawa. Gaskiya na gaji da aji, so nake in koma aikin ofis a kamfani ko wata ƙungiya. Kowa cewa yake ai malami yana da ƙwarewar da za ta yi aiki a ko'ina: iya magana, jagoranci, haƙuri. Na jera su duka a CV, na tura wurare da dama, ko amsa ba a ba ni ba. Shin maganar nan gaskiya ce ko lallashina kawai ake yi? Ko dai in haƙura in koma makaranta in yi wani digirin?"

Malama, sannu da ƙoƙari. Tambayoyi biyu kika haɗa wuri guda. Ta farko, ko abin da kika tara a shekara 11 yana da daraja a wajen aji. Ta biyu, in har yana da ita, me ya sa masu ɗaukar ma'aikata ba sa ganinta. Na daɗe ina zama a ɓangaren masu tace takardun neman aiki, daga baya kuma na koma ba masu son sauya sana'a shawara, don haka na ga lamarin ta fuskoki biyun. Masu gaya miki maganar ba ƙarya suke yi ba, sai dai rabinta suka faɗa. Ƙwarewa tana bin mutum, amma ba da manyan sunayen da kika jera take tafiya ba. Abin da ke tafiya shi ne takamaiman ayyukan da hannunki ya saba yi, kuma yana tafiya ne zuwa wurin da ake yin irin waɗannan ayyukan.

Abin da ke bin mutum da abin da ke zama a baya

Tun a 1964 masanin tattalin arziki Gary Becker, wanda ya sami kyautar Nobel a 1992, ya raba abin da ma'aikaci ke koya gida biyu: wanda zai amfane shi a kowane wurin aiki, da wanda amfaninsa bai wuce wurin da ya koye shi ba. Sanin wane malami ne ba ya jure darasin safe, wane aji ne ba a haɗa masa lissafi da kimiyya a jere, wa za ki samu in kina son shugaban makaranta ya sa hannu da wuri, duk ilimi ne na gaske, kuma da shi jadawalinki ke tafiya lafiya. Amma ranar da kika bar makarantar, a nan zai zauna.

Mutane kan raina girman wannan kason. Boris Groysberg na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun bi diddigin fitattun masu nazarin hannun jari sama da 1,000 a bankunan Amurka tsakanin 1988 da 1996. Waɗannan ko sana'a ba su sauya ba, kamfani kawai suka sauya, amma aikin da yawansu ya ja baya, wasu suka shafe shekaru ba su koma matsayinsu na da ba. Waɗanda suka tafi tare da abokan aikinsu ba su sha wannan faɗuwar ba. Wani abin da zai ba ki sha'awa: mata a cikinsu sun fi riƙe ƙwazonsu bayan ƙaura, domin sun fi gina alaƙa da mutanen waje maimakon dogaro da na cikin gida.

Masana halayyar ɗan Adam ma sun daɗe da taka wa fatan cewa ƙwarewa na bin mutum ko'ina birki. A 1901 Edward Thorndike da Robert Woodworth sun horar da mutane kan ƙiyasta faɗin wasu siffofi har suka gwanance, sannan suka sauya musu siffa da girma, sai ga shi ɗan kaɗan ne daga gwanintar ya biyo su. Matsayar da suka cimma ita ce, koyo yana tsallakawa daga wani aiki zuwa wani gwargwadon abubuwan da ayyukan biyu suka yi tarayya a kansu. Bayan fiye da shekara 100, a 2010, masana tattalin arziki Christina Gathmann da Uta Schönberg sun duba bayanan ma'aikatan Jamus na shekaru masu yawa, suka auna nisan da ke tsakanin sana'o'i ta hanyar ayyukan da ake yi a cikinsu kullum. Suka tarar yawanci mutane kan koma sana'ar da ayyukanta suka yi kama da na wadda suka bari, kuma iya nisan tsallaken iya asarar da ake yi a albashi.

To ki lura da abin da wannan ke nufi gare ki. Tambayar ba wai "ina da ƙwarewar da za ta bi ni?" ba ce. Tambayar ita ce, wane aiki ne a waje ake wuni ana yin abin da na riga na saba yi?

Dalilin da ya sa ba a amsa miki

Bari in gaya miki yadda teburin yake daga ɗaya gefen. Gurbi ɗaya, takardu tuli. Zagayen farko ba na zaɓe ba ne, na ragewa ne, kuma a manyan kamfanoni sau da yawa manhaja ce ke fara jera takardun bisa kalmomin da ke cikin sanarwar aikin kafin ido ya kai kansu. Mai dubawa yana da tsoro guda: kada ya kawo wanda zai kasa, a ce wa ya kawo shi. Idan ya ga wadda ta yi shekara 3 tana irin aikin, ga kuma malama mai shekara 11 da ta rubuta "ina da ƙwarewar sadarwa da jagoranci", ta farkon zai kira, ba don ta fi ki ba, don ya fi sauƙin kare zaɓinta. Masanin tattalin arziki Michael Spence ya bayyana tushen wannan a 1973: mai ɗaukar aiki ba ya iya ganin iyawar mutum kai tsaye, alamu yake bi, kuma alama ba ta da amfani sai in ba kowa ke iya nuna ta ba. Jimlar "ina da haƙuri da iya aiki da jama'a" kowa na iya rubuta ta kyauta, shi ya sa ba ta da nauyi ko kaɗan.

Abin mamaki, a tambayarki kin ambaci abu mafi tsada da kike da shi a taƙaice, kamar wani ƙarin wahala da aka ɗora miki: jadawali da sakamakon jarrabawa. Ni a nan idona ya tsaya. Haɗa jadawalin makaranta raba ƙarancin abu ne tsakanin masu buƙatu da ke karo da juna, ga wa'adi, ga mutanen da kowa ke ganin shi aka zalunta. Tattara sakamako kuwa karɓar alƙaluma ne daga hannaye da yawa, a gano kuskure, a bi wanda bai kawo nasa ba, a fitar da rahoton da wani zai yanke hukunci da shi. Akwai ofisoshin da ke biyan mutane albashi don waɗannan ayyukan kaɗai.

Don haka ki zauna da takarda ki warware makonki. Kada ki rubuta hali, ki rubuta aiki: me na yi, da wane kayan aiki, ga mutum nawa, me ya sauya. A ce malamai 40 ne da azuzuwa 18. Maimakon "ina da ƙwarewar tsara aiki", sai layin ya zama: "Na tsara jadawalin malamai 40 da azuzuwa 18 kowane zango na tsawon shekara 4." Maimakon "na iya kwamfuta": "Na tattara tare da tantance makin ɗalibai a Excel, na rage lokacin fitar da sakamako daga mako 3 zuwa kwana 10." Alƙaluman nan misali na ba ki, naki na gaskiya za ki sa, kuma kada ki ƙara ko ɗaya, don a ganawa za a tone shi. Mai karanta irin wannan layin ba ya buƙatar ya yarda da ke, yana ganin aikin da idonsa.

In kina son sanin yadda ake kiran waɗannan ayyuka a wasu sana'o'i, akwai rumbuna biyu na kyauta a intanet. O*NET na Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ya fayyace ayyuka da ƙwarewar sana'o'i sama da 900, kuma yana nuna sana'o'in da ke maƙwabtaka da kowace. ESCO na Tarayyar Turai yana da sana'o'i kusan 3,000 da nau'o'in ƙwarewa sama da 13,000. An gina su ne kan kasuwar aikin waɗancan ƙasashe, saboda haka kada ki ɗauki albashi ko sharuɗɗan da ke ciki a matsayin na inda kike. Kalmomi da kamannin ayyuka za ki ɗebo.

Ƙafa ɗaya a lokaci guda

Kowane aiki yana tsaye kan abu biyu: abin da kike yi, da fagen da kike yin sa. Ke yanzu koyarwa kike yi a fagen ilimi. Mafi yawan waɗanda na ga sun yi ta turawa ba amsa, duka biyun suke son sauyawa a tsalle ɗaya, malamar makaranta ta nemi zama jami'ar kasuwanci a kamfanin sadarwa. A wannan gurbin ba ki da aikin, ba ki da fagen, da ke da wanda ya gama jami'a bana kusan ɗaya kuke a idon mai dubawa, shi kuma ya fi ki arha.

Hanya ta farko, ki riƙe aikin ki sauya fage: horar da ma'aikata a kamfani, ko koya wa abokan ciniki amfani da wata manhaja. Tana da kusa, amma tunda kin ce kin gaji da aji, ki yi tunani da kyau, don wannan ma tsayuwa ce gaban mutane. Kuma babba ba yaro ba ne. Ba ya tsoron jarrabawa, yana da aikin da ke jiransa a tebur, in bai ga amfanin zaman ba cikin minti goma zai ɗauko waya.

Hanya ta biyu, ki riƙe fagen ki sauya aikin: ƙungiyoyin da ke gudanar da shirye-shiryen ilimi, hukumomin jarrabawa, kamfanonin da ke yi wa makarantu manhaja, masu wallafa littattafan karatu. A irin waɗannan wurare shekarunki 11 ba nauyi ba ne, su ne jarin. Jami'in sa ido da tantance shiri wanda bai taɓa riƙe rajistar aji ba, in aka kawo masa alƙaluman halarta da suka nuna kowane yaro ya zo kowace rana tsawon zango, murna zai yi. Ke kuwa kallo ɗaya za ki yi ki san an cike rajistar ne a zama ɗaya. Wannan idon ba a koyar da shi a kwas. Da ni ne ke, nan zan dosa: aikin bayanai ko sa ido kan shiri a fagen ilimi. Bayan shekara biyu ko uku sunan aikinki ya riga ya sauya a takarda, daga nan in kin so ki koma fagen lafiya ko noma ko kuɗi da sabon sunan. Tsalle biyu ƙanana sun fi isar da mutum fiye da babba guda.

Akwai giɓi, kuma gara ki san shi tun yanzu. Excel ɗin tara maki daban, Excel ɗin da ake haɗa tebura da yawa a tace dubban layuka a fitar da taƙaitawa daban. Wurare da yawa za su nemi SQL (harshen zaƙulo bayanai daga rumbun kwamfuta), ko Power BI (manhajar mayar da alƙaluma zane da rahoto), ko manhajar tattara bayanai a waya irin su KoboToolbox. Ga mai digirin lissafi waɗannan aikin watanni ne, ba shekaru ba. Giɓin da ya fi wuya ba na kwamfuta ba ne. A aji ke ce mai magana ta ƙarshe. A ofis za ki nemi abu wurin wanda ba ki da iko a kansa, za ki rubuta saƙo mai layi huɗu maimakon bayani mai shafi biyu, wataƙila kuma wanda zai duba aikinki sa'an ɗaliban da kika yaye ne. Na taɓa zama a wata ganawa da wani tsohon malami mai kaifin basira. Aka yi masa tambaya ƙarama, ya gyara zama ya fara daga tushe, yana tsayawa yana cewa "kun gane?", har ɗaya daga cikin masu tambayar ta ajiye biro. Amsarsa daidai ce, amma an fita ana cewa zai yi wuyar aiki da mutane. Ki gwada amsa tambaya cikin minti biyu: halin da aka shiga, abin da ke kanki, abin da kika yi, abin da ya fito.

Batun komawa makaranta

Akwai sana'o'in da doka ta tsare ƙofarsu: likitanci, aikin jinya, haɗa magunguna, lauya, binciken kuɗi. Waɗannan ba wata ƙwarewa da za ta shigar da ke sai da karatun da lasisin. In ɗayansu kike so, amsar ita ce makaranta, babu kewaye.

In ba su ba ne, kada ki yanke hukunci da zato. Ki tara sanarwar guraben aiki 20 na irin aikin da kike so, a inda za ki iya yin sa, ki jera abin da kowace ta nema, ki ƙirga. In 15 sun ce sai da digiri na biyu, kasuwa ta ba ki amsa. Abin da na fi gani shi ne su ce digiri a fanni mai alaƙa, wanda lissafi ya cika, sannan su jera kayan aiki biyu ko uku da shekarun gogewa. In haka ne, sabon digiri zai ci miki kuɗi da shekaru, ki fito har yanzu babu gogewar da aka nema. Mutane da yawa kan koma makaranta ne saboda ita ce hanyar da suka sani, malamai kuwa sun fi kowa faɗawa wannan.

Gajerun kwasa-kwasai suna da wurinsu. Takardar shaidar nazarin bayanai ta Google da ke shafin koyon kwasa-kwasai na Coursera, wadda aka fara a 2021, an tsara ta a gama cikin kusan wata 6. A fannin gudanar da shiri, cibiyar PMI mai ba da shaidar ƙwarewa a wannan fanni tana da takardar masu farawa, CAPM, wadda ba ta neman gogewa sai horon awa 23, yayin da babbar takardarta, PMP, ke neman mai digiri ya nuna shekara 3 yana jagorantar shirye-shirye. Amma satifiket shi kaɗai ba ya buɗe ƙofa, don dubban mutane na riƙe da irinsa. Abin da ke bambanta ki shi ne aikin da za a iya dubawa. Ki ɗauki sakamakon jarrabawa na shekaru uku, da izinin makaranta kuma bayan kin cire sunayen yara da duk abin da zai nuna ko su wane ne, ki binciki a wane aji maki ke fara faɗuwa, wane darasi ne ke jan su baya, ko rashin zuwa makaranta yana da hannu. Ki rubuta shafi biyu da zane uku, ki gabatar wa hukumar makaranta. Gani ya kori ji. Yanzu kina da abin ɗorawa a tebur, kuma kin gwada wa kanki ko za ki iya wuni da alƙaluma ba ki ƙosa ba, domin wasu sai sun bar aji suke gane hayaniyar yaran ce ke riƙe da su.

Ta ina ake shiga

Tura takarda ta intanet ita ce ƙofar da ta fi cunkoso, kuma ita ce ta fi tsananta wa mai sauya sana'a, don a can takarda ce ke magana ba mutum ba. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna a 1973, daga binciken da ya yi a wani gari kusa da Boston, cewa cikin waɗanda suka sami aiki ta hanyar wani, mafi yawansu ba ta hannun aminai suka samu ba, ta hannun waɗanda suke gani jefi-jefi ne. Dalilin a fili yake: na kusa da ke abin da kika sani shi suka sani, ke malama ce, aminanki malamai ne. Wani babban gwaji da aka yi da masu amfani da LinkedIn, shafin sada ma'aikata da masu neman aiki, kimanin miliyan 20, aka wallafa a mujallar Science a 2022, ya ƙarfafa wannan, ya kuma nuna cewa alaƙa mai matsakaicin nisa ta fi amfani, ba ta kusa sosai ba, ba kuma baƙo ɗungurungum ba.

Naki irin waɗannan mutanen su ne abokan karatun jami'a da suka bi wata hanya, malaman da suka riga ki fita, tsofaffin ɗalibai da suka girma, jami'an da suka taɓa zuwa makarantarku da wani shiri. Kada ki ce musu "a taimaka min da aiki", wannan nauyi ne da ke sa mutum ya daina ɗaga waya. Ki nemi minti 20 ki tambayi yadda makonsu ke tafiya, wane abu ne sabbin shiga ke kasawa, me za su so su gani a takardar mutum irinki. Ki gyara CV da kalmomin da kika ji daga bakinsu.

Inda shawarar nan ke tsayawa

Yawancin binciken da na ambata a Jamus da Amurka aka yi su, inda guraben aiki ke da yawa kuma ake sanar da su a fili. A inda guraben suka yi ƙaranci, ko ake sa iyakar shekaru a sanarwa, ko sanayya ta fi cancanta tasiri, za ki iya yin komai daidai kuma abin ya ɗauki lokaci mai tsawo. Mai yiwuwa ne kuma aikin farko ya zo da matsayi ƙasa da wanda kike kai, ko kwantiragin shekara ɗaya maimakon aikin dindindin. Ki lissafa abin da za ki rasa na fansho da sauran haƙƙoƙi kafin ki sa hannu a komai, ki kuma tanadi abin da zai riƙe gida na wasu watanni. Kada a saki reshe a kama ganye: duk abin da na lissafa a sama ana iya yin sa kina kan aikinki.

Sannan ki tambayi kanki tsakani da Allah, aji ne ya gundure ki, ko wannan makarantar, ko albashin? In na biyu ne ko na uku, sauya wuri ko komawa ɓangaren gudanarwa na makaranta zai iya warkar da abin da sauƙi. Amsar tana da amfani ko da tafiyar za ki yi, don a kowace ganawa sai an tambaye ki me ya sa za ki bar koyarwa. "Na gaji" ba amsa ba ce a wurin, kuka da shugabanninki kuma ya fi ta muni. Ki faɗi abin da ya ja ki: cewa a shekaru 4 da kika riƙe sakamakon jarrabawa kin gane nan ne kika fi amfani, ga abin da kika yi da shi, ga abin da kika koya da kanki don cike giɓi.

In lokacin tafiya ya yi, ki bari zango ya ƙare, ki miƙa jadawali da bayanan jarrabawa a tsare ga wanda zai gaje ki. Wajen karɓar takardar shaida daga shugaban makaranta kuma, ki roƙe shi kada ya tsaya a "malama ce mai ladabi da ƙwazo". Ya ambaci jadawalin da tattara sakamakon da sunansu, da shekarun da kika yi kina riƙe da su, domin shi ne mutumin da sabon wurin zai kira don tabbatar da layukan da kika rubuta.